Za a yi wa ɗana dashen ɓargo: me ke jiranmu a asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara 9 yana fama da sikila. Bara sau biyar muna kwanciya asibiti, kuma gwajin jijiyoyin kai da aka yi masa ya nuna yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. An gwada 'yan gidanmu, an ce yayarsa mai shekara 13 ta dace da shi, za a iya yi masa dashen ɓargo. Ni da mahaifinsa mun amince, amma kullum gabana faɗuwa yake. Yaya aikin yake? Ita yarinyar ba abin da zai same ta? Mu kuma iyaye me ake bukata daga gare mu? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, Allah ya ba yaronki lafiya, ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar shekara tara.

Samun wadda ta dace a cikin gida ba ƙaramin rabo ba ne. Abin da aka gwada wasu alamomi ne na ƙwayoyin jiki da ake kira HLA, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya damar dacewar kowanne ɗaya ce cikin huɗu. Tun 1984 aka fara ganin dashe ya raba yaro da sikila, kuma a yau, idan mai bayarwa ɗan uwa ne da ya dace sosai, mai karɓa kuma yaro ne, kusan tara cikin goma suna rabuwa da cutar. Ragowar akwai wanda jikinsa ke ƙin dashen, sikilar ta dawo, akwai kuma 'yan kaɗan da ake rasawa. Ban ɓoye miki wannan ba don haƙƙinki ne ki sani kafin ki sa hannu.

Bari in fara da yarinyar, tunda na san ita ma tana ranki. Mutane da yawa da sun ji an ce ɓargo sai hankalinsu ya tafi kan lakar gadon baya, su ɗauka za ta gurgunce. Ba a zuwa ko kusa da laka. Za a sa ta barci, a zuƙo ɓargon da allura daga ƙashin ƙugu ta baya, aikin awa ɗaya zuwa biyu. Za ta tashi da ciwon ƙugu kamar wadda ta faɗi zaune, ta yi ɗingishi kwana kaɗan, wataƙila a ba ta maganin ƙarin jini, cikin 'yan makonni jikinta ya mayar da abin da aka ɗiba. Ko da AS ce, wato tana ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya amma ba ta da cutar, tana iya bayarwa. Inda na fi jin tsoro a kanta shi ne zuciyarta. Yarinya mai shekara 13 da ake ta ce wa "ke ce za ki ceci ƙaninki" za ta ɗauki kayan da ya fi ƙarfinta, kuma duk ranar da ya galabaita sai ta zaci ɓargonta ne bai da kyau. Ku zaunar da ita tun yanzu, ke da mahaifinta, ku gaya mata da baki cewa ta gama nata da zarar ta bayar, abin da ya biyo baya ba laifinta ba ne.

Shi kuma yaron, ba tiyata za a yi masa ba. Ƙaramin aikin da za a yi shi ne a sa masa wata siririyar roba a babbar jijiyar ƙirji, ta nan za a riƙa ɗibar jini, a ba da magani da ruwa, ya huta da tsire-tsiren allura. Daga nan sai kwana biyar zuwa goma na magunguna masu ƙarfi irin na masu ciwon daji, waɗanda za su share tsohon ɓargon su kuma kwantar da garkuwar jikinsa don kada ta yaƙi baƙon da ke tafe. Ranar dashen ana kiranta ranar sifili, daga ita ake fara ƙirga. Za ki ga nas ta shigo da leda mai kama da ta ƙarin jini, ta rataye, ta jona da robar ƙirjin, ana auna shi a kai a kai har ta ƙare. Iyaye da yawa kan tambaye ni, "Shi ke nan?" Shi ke nan. Ƙwayoyin da kansu za su bi jini su nemi cikin ƙashi su zauna.

Wahalar tana bayan wannan ranar, kuma ina so ki shirya mata da kyau. Tsohon ɓargo ya tafi, sabon bai fara aiki ba, don haka mako biyu zuwa huɗu yaron zai zauna kusan babu fararen ƙwayoyin jinin da ke kare shi. Ƙwayar cutar da ke zaune lafiya a bakinki ko tafin hannunki tana iya kai shi ɗakin kulawa ta musamman. Shi ya sa za a keɓe shi a ɗaki shi kaɗai mai tace iska, ba furanni, ba tukunyar shuka, ba cincirindon masu gaisuwa. A wannan tsakanin gashinsa zai zube. Bakinsa da maƙogwaronsa za su yi gyambo, har ya kai ya kasa haɗiye yawu, ki gan shi riƙe da ɗan kwano yana tofarwa. Za a ba shi maganin ciwo mai ƙarfi ta jijiya, sau da yawa mofin, a ciyar da shi ta robar hanci ko ta jijiya. Kada ki matsa masa da "daure ka ci ko loma ɗaya". Ki taimaka masa da kurkure baki yadda nas ta nuna miki, ko yana kuka. Gyambon yana warkewa da sauri da zarar ƙwayoyin sun fara tasowa.

Kullum da asuba za a ɗibi jini, kuma ba da daɗewa ba za ki zama mai jiran lamba ɗaya, ta fararen ƙwayoyin da ake kira nutrofil. Idan ta kai 500 ta tsaya kwana uku a jere, an ce dashe ya kama. Kafin nan za a yi ta ƙara masa jini da ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, ana auna nauyinsa kullum saboda hanta. Masu sikila kuma ana sa wa hawan jininsu ido fiye da kowa, domin magungunan suna iya ɗaga shi har ya kai ga farfaɗiya. In ya ce kansa na sara ko yana gani dishi-dishi, ki kira nas nan take, ko ƙarfe biyun dare ne.

Yawanci ana sallama bayan mako huɗu zuwa shida, amma sallamar ba ta nufin an gama. Za a bukaci ku zauna kusa da asibitin har wajen kwana 100, kuna komawa sau ɗaya ko biyu a mako. A nan aikin ya dawo hannunki kacokan. Akwai maganin da ke hana sabon ɓargo juya wa jikin yaron, irin su saiklosforin ko takrolimus, ana shan shi a kan lokaci safe da dare, wata da watanni, kuma tsallake shi ba ƙaramar kasada ba ce. Ki sami littafi ki riƙa rubuta kowane magani da sa'ar da aka sha. Ma'aunin zafi ya zauna kusa da gadonsa. Da ya nuna 38, ko yaron ya kama rawar sanyi bayan an wanke robar ƙirji, asibiti za ku nufa, ba tare da kin ba shi farasitamol ya rufe zazzaɓin ba, ba kuma jiran gari ya waye. Ki riƙa duba tafin hannunsa da na ƙafa da bayan kunne lokacin wanka. Jan ƙuraje, gudawa mai ruwa-ruwa, ko idon da ya sake yin rawaya suna iya zama alamar sabuwar garkuwar ta fara kai wa jikinsa hari, abin da likitoci ke kira GVHD, kuma ya fi jin magani idan an kama shi da wuri. Abinci ya dahu sosai, a ci da zafinsa, ruwa tafasasshe, ban da ɗanyen ƙwai da madarar da ba a dafa ba. Duk wani jiƙo ko maganin da wani ya kawo da kyakkyawar niyya, a ajiye shi har sai likitansa ya gani, domin wasu suna hargitsa ma'aunin waɗancan magungunan a jini.

Kin tambayi me ake bukata daga gare ku, to ga abin da na fi so ki ji. Cibiyoyin dashe da yawa ba sa fara aiki sai iyali sun nuna wanda zai zauna da majinyaci dare da rana, kuma ina ganin gaskiyarsu. Amma mutum ɗaya ba zai iya ba. Na sha ganin uwa ta ce ba mai taɓa mata ɗa sai ita, a mako na uku ta kamu da mura, dole a fitar da ita daga ɗakin a daidai lokacin da yaron ya fi bukatarta, kuma babu wani a gidan da ya san sunan magani ko ɗaya. Tun kafin a kwantar da shi ku tsayar da mutum na biyu, mahaifinsa ko wata 'yar uwarki mai natsuwa, a koya muku tare. Dangin da suka ce "me za mu yi?" a ba kowa aiki takamaimai: wannan ya riƙe sauran yara, wancan ya ɗauki kai-da-kawo, wani ya zama shi ke amsa waya yana ba da labari don a bar ki ki runtsa. Masu son ganinsa su kira ta bidiyo. Za a samu masu jin haushi, ki ce umarnin likita ne, don kuwa umarnin likita ne. Ki kuma nemi ma'aikacin jin daɗin jama'a na asibitin ki yi masa maganar masauki da kuɗin magungunan bayan sallama tun da wuri, ba sai aljihu ya yi ƙasa ba.

Makaranta sai bayan wata shida zuwa shekara. Rigakafin da aka yi masa yana jariri ya tafi da tsohuwar garkuwa, za a sake daga farko, na ƙyanda kuwa sai an kai wajen shekara biyu. Kafin nan a nisanta shi da duk mai ƙyanda ko ƙarambau.

Abu biyu suka rage da iyaye kan ji nauyin tambaya. Magungunan share ɓargo suna iya taɓa haihuwarsa nan gaba, don haka ki tambayi likitocinsa irin haɗin da za su yi amfani da shi da abin da za a iya tanada kafin a fara. Na biyu, bayan dashe gwajin jininsa zai nuna irin na yayarsa, AA ko AS, har rukunin jininsa ma yana iya komawa nata. Amma abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai canza ba, in shi SS ne, ƙwayar S zai ba kowannensu. Ki adana takardar gwajinsa ta asali, ki kuma gaya masa idan ya yi hankali, domin ranar da zai nemi aure da ita za a yi lissafi, ba da sabon gwajin ba.