Amsoshin tambayoyinku: bidiyon hotunan sauka, filashin jabu da kaset ɗin bikin Baba

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan hotuna ne, da alama lokacin sauka da yaye ɗalibai ne ya kankama, kowa na son ya yi wa nasa abin da za a gani a ce masha Allah. Na ɗauki biyar, sauran ku yi haƙuri amsarku na cikin waɗannan.

"Malam barka da aiki. 'Yata za ta yi saukar Alƙur'ani kuma bana ta gama sakandare, za mu haɗa walimar wuri ɗaya. Ina so a yi mata irin bidiyon nan da ake jera hotunan yaro tun yana jariri har girmansa. Wani mai situdiyo ya yanka mini kuɗin da ya fi ƙarfina, ƙaninta kuma ya ce wai zai iya a waya. Wanne zan bi?" Wata uwa daga Zariya

Hajiya Allah ya sanya albarka, ya ba ta ikon aiki da shi. Ki bar wa ƙanin nata, wallahi zai iya. Shi mai situdiyon ma in kika leƙa ta bayansa akasari manhajar haɗa bidiyo irin su CapCut ko InShot ko KineMaster yake buɗewa, kuma duk suna hawa kan Tecno ko Infinix ɗin da ke gidanki. Abin lura kawai, na kyautar KineMaster yana manna tambarinsa a kusurwar bidiyo, CapCut kuma yana ƙara ɗan guntun tallarsa a ƙarshe amma ana iya goge shi kafin a fitar. Ki ja masa kunne kar ya danna wajen da aka ce gwajin kyauta na kwana kaza ya sa lambar katinki na banki, in kwanakin suka cika cire kuɗi za su fara yi ko an yi amfani da abin ko ba a yi ba, alhali duk abin da kuke buƙata yana cikin na kyautan.

Aikin gaske ba a manhajar yake ba, yana wajen zaɓen hotuna, kuma wannan naki ne ba na yaro ba don ke kika san wace ce a jikin wane hoto. Kar ku wuce hoto 50 zuwa 60. In kowanne ya tsaya daƙiƙa 4, hoto 60 ya ba ku minti 4 kenan, kuma ki yarda da ni bayan minti 5 mutane sun koma kan shinkafarsu da hirarsu. Ku jera su bi da bi, ranar suna, lokacin rarrafe, ranar farko da ta sa yunifom jaka ta fi ta girma, hijabin Islamiyya na farko, allonta, sannan na kwanan nan. Hoton da ya fito dishi-dishi amma ga kakarta a ciki tana riƙe da ita ya fi hoto goma masu kyau da ta ɗauki kanta a gaban madubi. A ƙasan kowanne a rubuta shekara da wanda ke ciki, gajere, misali "2012, da Inna a Tudun Wada", don nan da shekara ashirin wannan rubutun shi za a fi nema. Su walƙiya da furanni masu zubowa da hoton da ke juyawa yana tsalle kuwa a rage, yara na son su amma suna rufe fuskokin mutane.

Sauti fa, tunda sauka ce me zai hana a sa karatunta da muryarta? A ɗauka bayan sallar asuba kafin unguwa ta tashi janareto da adaidaita su fara, a kashe fanka, a ajiye wayar kamar taƙi ɗaya daga bakinta. In kakanninta na raye a je a ɗauko muryarsu suna sa mata albarka ko na daƙiƙa 20 ne a sa a ƙarshe.

Sai wani abu da ke ɓata irin wannan aikin, hotunan da 'yan'uwa za su turo ta WhatsApp. Shi WhatsApp matse hoto yake ya rage masa nauyi, a waya ba za ki gane ba sai an haska a babban allo ki ga fuska ta farfashe. Ki ce su turo ta wajen da aka rubuta Document, ko aƙalla su danna HD ɗin da aka ƙara tun 2023, in kuma kuna gari ɗaya a yi Xender kawai. Wajen fitar da bidiyon ƙanin nata ya zaɓi a kwance, 16:9, 1080p, in ta talabijin za a nuna. Na sitatus ya yi wani daban a tsaye, gajere.

Inda kuɗin mai situdiyo yake halal shi ne ɗaukar ranar walimar kanta, don ranar ba wanda zai samu sukunin riƙe waya a gidan. In kin ɗauke shi ku yi magana tun kafin ki ba da kafin alƙalami cewa zai ba ki duka hotunan na asali a filashi, ba guda talatin da ya tace ya turo ta WhatsApp ba.

"Za mu yi walimar gama digiri na yayanmu a ƙofar gida da la'asar, mu yi hayar majigi ko mu fito da talabijin?" Wani ɗalibi daga Katsina

Talabijin, ɗan'uwa. Majigi duhu yake so, da la'asar a ƙarƙashin rumfa farin ƙyalle kawai mutane za su gani. Ku aro mai inci 43 ko 55, ku juya bayanta ga rana, ku jona sifika don muryar talabijin ba ta zuwa ko'ina a waje. Bidiyon ya zama MP4 a filashi, kuma ku gwada a ita wannan talabijin ɗin tun ana gobe, akwai waɗanda za su nuna hoto babu murya, akwai masu cewa ba su ma ga filashin ba. Kuma a tanadi mai a janareta. In bayan isha'i ne a cikin zaure ko ɗakin taro to nan majigi ya yi.

"Wayata ta cika da hotunan yara da na bukukuwa kusan shekara shida, kullum tana ce mini babu wuri. Na ga filashi mai giga 256 da araha sosai, in saya in kwashe su in goge na wayar?" Wata matar aure daga Gombe

A'a 'yar'uwa, tsaya tukuna, kar ki goge komai. Wannan arahar ita ce abin tsoro. Akwai filashi da katin memori na jabu da ake taɓa ƙwaƙwalwarsu su riƙa gaya wa waya ko kwamfuta cewa giga 256 ne alhali ainihin cikinsu bai wuce 8 ko 16 ba. Za ki yi ta zubawa yana karɓa babu musu, sunayen hotunan duk suna nan a jere, amma da ya cika ainihin cikinsa sai sabo ya riƙa hawa kan tsoho ko ya tafi iska, ranar da kika zo buɗewa ki tarar ba abin da ke buɗuwa. Kamar zuba ruwa a kwando ne. Kuma sunan SanDisk ko Kingston ko Samsung a jikin kwali ba hujja ba ne don su aka fi kwaikwaya. Ko Farm Centre kika aika a Kano ko Banex a Abuja, ki sa a saya a shagon da ke ba da rasit kuma ya yarda a dawo da kaya, sannan a gwada. Gwajin mai sauƙi ne, a cika shi taf da manyan bidiyo, a zare, a sake jonawa, a buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. Masu gyaran kwamfuta suna da wata 'yar manhaja H2testw da ke yin wannan aikin, ki ce a yi miki.

To ko na gasken ne, filashi ɗaya ba ma'ajiya ba ce. Yana ɓata, yaro na iya jefa shi a randa, yana iya mutuwa haka kawai yana cikin durowa. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce kwafi uku, a kan abu iri biyu, ɗaya kuma ba a gidan ba. A wajenki wannan na nufin ɗaya a had-dis (ma'ajiyar kwamfuta da ta fi filashi ɗaukar kaya) ko filashi mai kyau a gidanki, ɗaya a gidan iyayenki ko wajen wata 'yar'uwa da kika yarda da ita, ɗaya a intanet. Had-dis mai tera 1, wato giga dubu, zai ɗauke hotunan gidanku kaf har da na maƙwabta, sai dai akwai faifai mai juyawa a cikinsa, in ya faɗo daga kan gado yana aiki shikenan. Wanda ake kira SSD ya fi jure faɗuwa amma ya fi tsada. Ni a ganina in kuɗin bai kai ba, filashi biyu na gaske masu giga 64 a gida biyu sun fi had-dis ɗaya a gida ɗaya.

Na intanet kuwa, Google na ba kowane mai Gmail giga 15 kyauta, amma a ciki ake lissafa saƙonnin imel da Drive da Google Photos gaba ɗaya, kuma tun watan Yunin 2021 suka daina ajiyar hotuna mara iyaka da suke yi a da. In hoto ɗaya ya kai mega 3, giga 15 zai ɗauki wajen 5,000, bidiyo ne ke cinye wuri. Masu iPhone giga 5 kawai iCloud ke ba su. Don haka ki tace, hotunan kayan da 'yan kasuwa ke turowa a guruf da gaisuwar Juma'a duk ki share, ki ɗora na iyali zalla, da dare lokacin da data ke araha. Abu biyu kuma ki kiyaye. Google sun ce asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba suna iya rufe shi da abin da ke ciki, don haka ki riƙa leƙawa. Sannan mata da yawa a shagon waya aka buɗe musu Gmail, ba su san kalmar sirrin ba, layin da aka yi rajista da shi ma ya daɗe da ɓata kamfani ya sayar wa wani. Ki gyara wannan yau, ki sa layin da ke hannunki, ki rubuta kalmar sirrin a takarda ki ajiye inda kike ajiye takardun haihuwar yara.

"Mahaifinmu ya rasu, mun samu albam ɗin hotunansa na da, wasu sun manne da leda, da kaset ɗin bidiyo na bikinsu da Mama. Muna so mu haɗa da bidiyon yaye ƙanwarmu. Mu sayi sikana ne? Kuma wani ya ce a yi wa hotunan laminetin." Wani magidanci daga Maraɗi

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Laminetin kam kar ku kuskura, zafi ne da gam, in ya kama hoto ba ya fita kuma in ya lalace babu gyara. Waɗanda suka manne ma kar a ɓanɓaro da ƙarfi fuskar za ta biyo ledar, a ɗauke su a yadda suke.

Sayen sikana don albam ɗaya asarar kuɗi ne. Ko ku kai shagon masu kwamfuta a yi muku a gabanku, ku ce 600 dpi don ƙananan hotuna su yi kyau in an faɗaɗa, ko ku sauke PhotoScan ta Google, kyauta ce, tana sa ka ɗauki hoton ta kusurwa huɗu sai ta haɗe ta cire ƙyallin leda. A yi da safe a inuwa kusa da ƙofa, ban da filashin kyamara. Manhajojin nan masu gyara tsohon hoto su sa masa kala kuma ku yi hattara da su, ƙirƙirar fuska suke inda ba su gani da kyau ba, sai ku ga Baba ya fito da hanci ko idon da ba nasa ba. In kun yi don sha'awa to, amma na asalin a ajiye shi daban kar a hau kansa.

Kafin komai ma ku zauna da Mama da albam ɗin, ku kunna rikoda a waya, ta riƙa faɗa muku wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara. A rubuta a bayan hoton da fensir, biro yana huda takarda kuma tawadarsa na fitowa ta gaba. Albam ɗin kuma a ɗaga shi daga ƙasa da jikin bango saboda gara da danshin damina.

Kaset ɗin shi ne na gaggawa. Kamfanin ƙarshe da ke ƙera na'urar kallonsa, Funai na Japan, ya daina tun 2016, waɗanda suka rage duk tsofaffi ne kuma mai lalatacciya tana iya tauna zaren. Ku duba ta 'yar tagar kaset ɗin, in kun ga fari-fari kamar gari a jikin zaren to fumfuna ce, kar a sa shi a na'ura sai wanda ya iya ya goge. Ku nemi tsofaffin masu ɗaukar bidiyon biki, su ne yawanci ke da kayan juyawa zuwa kwamfuta. Aikin ba ya sauri, kaset na awa biyu awa biyu zai ci, saboda haka wanda ya ce ku dawo nan da minti goma ba ku gane juna ba. Ku ce MP4 kuke so a filashi ba faifan DVD kaɗai ba don shi ma yana karcewa, kuma ku karɓo kaset ɗinku. A bidiyon ƙanwar taku ku yanko daƙiƙa 15 ko 20 inda Baba ya fito sosai, ya isa, kuma ku gaya wa Mama tun kafin ranar kar ta gan shi kwatsam a gaban jama'a.

"Na haɗa wa ƙawata bidiyon gama makaranta na ɗora a Facebook, sai suka cire sautin, yayarta kuma ta kira ni tana faɗa wai na sa hotonta babu mayafi." Wata ɗaliba daga Kaduna

Ƙanwata, sautin haƙƙin mallaka ne, Facebook da Instagram da YouTube suna da na'urar da ke gane waƙar mutane su kashe ta ko su toshe bidiyon. Ki ɗora babu waƙa ki zaɓi sauti daga cikin nasu, ko ki sa muryoyinku. Maganar yayar kuwa tana da gaskiya, ki sauke bidiyon ki ba ta haƙuri. Nan gaba ki yi guda biyu, na gida mai komai da komai wanda za a kalla a falo a ajiye a filashi, da na waje wanda duk wadda ke ciki ta gani ta ce ta yarda, a cire hotunan cikin ɗaki da na yara suna wanka da takardar sakamako mai ɗauke da cikakken suna da lambar jarrabawa.