Daga Accra zuwa New York: awa nawa Hajiya za ta yi a hanya?

Wani ɗan'uwa daga Aboabo a Kumasi ya rubuto cewa mahaifiyarsu ta sami bizar Amurka, za ta je wajen ƙanwarsa a unguwar Bronx da ke New York. Tikiti biyu ne a gabansa: na kai-tsaye mai tsada, da mai yada zango a Turai mai rahusa. Wanne zai yanka?

Ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri. Daga filin jirgin Accra zuwa filin jirgin JFK na New York kimanin kilomita 8,200 ne, jirgin Delta na kai-tsaye yana cin wajen awa 11. Dawowa takan ragu da kusan awa guda, domin iskar can sama daga yamma take kaɗowa, sai ta turo jirgin ta baya. Ta Amsterdam kuwa, awa 6 da rabi zuwa 7 ne, sannan wata awa 8 zuwa New York, tafiyar ta kai kilomita 11,000, ban da zaman jira. Mai fasfon Ghana yana buƙatar bizar wucewa a filayen jiragen yankin Schengen na Turai, wanda Amsterdam ke ciki, amma bizar Amurka mai aiki tana ɗauke masa ita.

Ga tsohuwa da ba ta saba ba, mu dai na kai-tsaye muke zaɓa, ko da ya fi tsada. Sauya jirgi shi ne inda ake ɓacewa: ga doguwar tafiyar ƙafa, ga allon da ƙofar shiga ke canzawa a kai, ga ba mai jin Hausa.

A kula da agogo. Lokacin da ke jikin tikiti na garin da aka rubuta ne. New York tana bayan Ghana da awa 4 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watanni awa 5. Jirgin da ya tashi 11 na dare zai sauka 10 na safe a agogon Hajiya, amma 6 ko 5 na asuba a can. Ka faɗa wa ƙanwarka lokacin can, kada ta bar uwa tsaye da jakunkuna.

Ku sauko Accra kwana guda kafin tafiya. Motar Kumasi tana iya cin awa 6, jirgin cikin gida kuma in ya makara ba ruwan Delta, tunda tikitin daban ne. Ku isa Tamina 3 ta filin jirgin Accra awa uku kafin tashi.

Ka nema mata keken guragu a wajen kamfanin jirgin, aƙalla awa 48 kafin ranar. Kyauta ne, kuma mai tura ta zai raka ta har gaban jami'an shige da fice. Magungunanta, da adireshi da lambar ƙanwarka a rubuce a takarda, su zauna a jakar hannu. Kilishi da dambun nama a bar su gida, ba sa shiga Amurka. Sauran abinci kuwa ta bayyana shi ga kwastam. Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, a maƙala shi cikin fasfo saboda dawowa.