Amsa: Adadin masu amfani da kamfanonin intanet ke sanarwa abin dogaro ne?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za a yarda da miliyoyin da kamfanoni irin su Facebook ke cewa suna amfani da manhajojinsu. Shakkarka tana kan hanya, domin kamfanin ne ke ƙirgawa, shi ne kuma ke yanke wa za a kira mai amfani.

Fara da duba me aka ƙirga. Wanda ya yi rajista daban, wanda ya leƙa sau ɗaya cikin kwana 30 daban, mai shiga kullum daban. Threads, manhajar sada zumunta ta kamfanin da ya mallaki Facebook, ta samu rajista miliyan 100 cikin kwana biyar a Yulin 2023, amma rajista ba ta nuna wa ya dawo.

Babbar matsalar ita ce sau da yawa asusu ake ƙirgawa, ba mutum ba. A 2022 Twitter ta amsa cewa tun 2019 take ƙirga asusun mutum ɗaya da ya haɗa su wuri guda a matsayin mutane daban-daban, kuskuren ya kai miliyan 1.9. A 2017 kuma shafin tallan Facebook ya nuna zai kai ga matasa miliyan 41 masu shekara 18 zuwa 24 a Amurka, alhali ƙidayar ƙasar ta ce miliyan 31 ne.

In talla za ka biya, kada ka tsaya kan wannan lamba. Nemi rahoton shekara na kamfanin in yana fitarwa, ka duba ko sun kiyasta asusun bogi da na maimaici. Sannan ka auna da kayan aikinka: mutum nawa suka danna tallan, nawa suka saya.