Amsa: Haƙƙin Baba a wajen mai jinya da kiɗa

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kin ce asibiti a Ingila sun tura shi wajen mai jinya da kiɗa, wato ƙwararren da ke amfani da kiɗa da waƙa wajen taimaka wa marasa lafiya, bayan shanyewar ɓarin jiki ta taɓa masa magana, kina kuma tsoron a kunna masa abin da zuciyarsa ba ta natsu da shi ba.

Ki kwantar da hankalinki, ba a yi masa komai sai da yardarsa. Tun zaman farko ki faɗa musu ƙarara cewa ba ya son kayan kiɗa. Ana iya aiki da murya zalla, ko buga yatsu a tebur yana bin kari. A ganina ma abin da ya saba rerawa tun ƙuruciya ya fi amfani, domin sau da yawa wanda magana ta gagare shi yakan iya rera baitin da ya haddace, daga nan ake jawo kalmomi ɗaya bayan ɗaya.

Ki duba sunan mai jinyar a rajistar intanet ta HCPC, wato hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista. A dokar Ingila, wanda ba ya cikinta ba shi da ikon kiran kansa mai jinya da kiɗa. Ba su da hurumin ɗaukar muryarsa ko bidiyo sai da izini, kuma yana iya dainawa ranar da ya so.

Naku kuwa, ku riƙa zuwa a kan lokaci, ku sanar da su in yana da farfaɗiya ko matsalar ji. Sauƙin a hankali yake zuwa, don haka ki nemi a rubuta muku abin da ake son cimmawa da ranar da za a sake dubawa.