Sabon haƙori ya fito, tsohon bai faɗi ba

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce angona ya cika shekara 6, sabbin haƙora biyu sun leƙo ta bayan na gaba a ƙasa, na nonon kuwa ko gezau, har maƙwabta na cewa a kira wanzami ya cire. Kina tambaya ko haka ake yi a gidanmu.

A'a. Wanzami na da aikinsa, aski da ƙaho da kaciya, amma ban taɓa ganin iyayenmu sun kai masa famfara ba. In haƙori ya fara girgiɗi, barin yaro ake yi da abinsa. Wuni zai yi yana tura shi da harshe, a miƙa masa rake ko goruba, kafin ki ankara ya tofo shi a tafin hannu. Sai a ce ya wurga bisa rufin ɗaki, ya kuma kame bakinsa kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani wani ba zai tsiro ba. Camfi ne. Angona ma dai ya riga ƙadangaren.

Abin da ke faruwa shi ne, sabon haƙori daga ƙarƙashin tsohon yake tasowa, yana cinye saiwarsa a hankali. Shi ya sa haƙorin famfara ke faɗowa kusan babu saiwa. In sabon ya ɗan kauce ya ɓullo ta baya, saiwar ba ta gama cinyuwa ba, sai tsohon ya yi zamansa daram. Yawanci da ya faɗi, harshe ne ke turo sabon gaba har ya shiga sahu.

Don haka ki bar shi ya riƙa girgiɗa shi da wankakken hannu, ki kuma tsaya a kansa lokacin asuwaki ko buroshi, domin tuwo na maƙalewa tsakanin layin biyu. Ban yarda a ɗaura zare a fizge ba. In an yi kamar wata 2 tsohon bai motsa ba, ko sabon ya kusa kamo shi tsawo, ko dasashin ya kumbura, to ku je wurin likitan haƙori. In a sama ne ma kada ku jira.

Haƙoran nono 20 ne, sai wajen shekara 12 zai gama zubar da su, ki tanadi haƙuri. Ki gaida maigidan, ki ce wa angona ba na zaman aure da mai giɓi.