Bulalar da ba ta duka

Ɗana, na ga saƙonka. Kana tambaya wai da gaske ne a Birtaniya mutum kan gaji kujerar majalisa kamar yadda ake gadon sarauta, kuma me ya kawo bulala cikin sha'anin majalisa.

Da gaske ne, a da haka ake yi. Ɗauki Lod Strathclyde, ɗan Sikotland. Mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa, saboda haka da tsohon ya cika a 1985, sarautar ta faɗo kan jikan yana ɗan shekara 25. Babu kamfen, babu ƙuri'a, ya samu kujera a majalisar dattawansu. A 1988, zamanin firaminista Thatcher, aka sa shi cikin masu tsawatarwa na gwamnati, a 1994 kuma firaminista John Major ya naɗa shi babbansu, wato abin da 'yan jaridarmu ke kira bulaliyar majalisa.

Sunan daga farautar yanyawa ya samo asali. Akwai mai bin karnuka da bulala don kada su watse. A majalisa kuwa bulalar takarda ce ake aika wa 'yan jam'iyya duk mako, an jera abubuwan da za a kaɗa wa ƙuri'a. Layi ɗaya a ƙarƙashin batu, ka zo in ka samu hali. Layi uku, ko kana jinya a nemo ka.

To amma da me za ka tsorata wanda ba zaɓensa aka yi ba? Ba shi da mazaɓar da za ta juya masa baya. Don haka aikin nan lallashi ne da sanin halin mutane: wane yana son a gaishe shi, wane ya tafi gonarsa sai an yi ta waya. Abin da ke ba ni dariya, bulaliyar gwamnati a majalisar dattawan shi ne kuma shugaban wasu dogaran fada, masu hular ƙarfe da farin gashin tsuntsu a ka. Sarkin dogarai ke nan, amma yana roƙon mutane su zo aiki.

A 1999 gwamnatin Tony Blair ta sallami yawancin magada, ta bar 92. Strathclyde na cikin waɗanda aka bari, har ya zama jagoran majalisar a 2010, ya ajiye a 2013.

Ka gaida mahaifiyarka, ka ce mata ƙafar ta yi sauƙi.