Tambayoyinku: Ƙanena na jawo mana faɗuwa a Free Fire

Tambaya: Assalamu alaikum Yaya. Daga Rigasa nake rubuto maka. Ni da abokaina biyu muna buga Free Fire, wasan harbe-harbe na waya, bayan isha'i. Da ƙanena ya samu waya sai na sa shi ya cike mana na huɗu. To da mun diro daga jirgi shi ake fara kashewa, rankinmu, wato matsayinmu a wasan, sai ƙasa yake yi. Abokan nawa suna kiransa "bot", wato wanda bai iya komai ba, suna zaginsa ta makirfo, sun ce ko in cire shi ko su bar ni. Yanzu in ina ɗaki ko wasan ba ya buɗewa. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganarka ta ƙarshe ce ta fi taɓa ni. Yaron da ke ɓoye wayarsa in ya ga yayansa, zagin ya riga ya shige shi, kuma a gabanka aka yi. Wannan za ka fara gyarawa kafin zancen ranki.

Ka duba yadda wasan yake. Tun 2017 da Garena ta fitar da shi, mutum 50 ake zubewa a tsibiri ɗaya, da'irar da ake tsira a cikinta na ta matsewa, cikin kamar minti goma an tashi. Ku da kuka daɗe kun haddace taswirar Bermuda kamar lungunan unguwarku, kun san duk wanda ya sauka a Peak ko Clock Tower wuta zai tarar. Shi kuwa yana neman maɓallin tsugunawa ne aka harbe shi. Jefa mai koyo cikin wasan ranki zalunci ne gare shi, kuma abokanka ma suna da gaskiya ta wannan gefen, don makin da suka sha wahalar tarawa ne ke zubewa. Zagin ne ba su da hujja a kansa.

Saboda haka ka raba abin biyu. Ranki ku buga ku uku da wani gwani. Shi kuma ka ware masa rabin awa, ku biyu kawai. Ku fara da filin atisaye, ka daidaita masa saurin juyawar allo daidai yatsunsa. Daga nan ku shiga Clash Squad wanda ba na ranki ba: huɗu da huɗu ne, zagaye gajere, in ya mutu zai dawo a zagaye na gaba, ba dogon zaman kallo. Kowane dare abu ɗaya tak. Yau dasa bangon Gloo, wato bangon kariya, in an buɗe masa wuta, gobe sauraron takun abokin gaba da abin kunne. In an kayar da shi ka je ka tashe shi ko da za ka mutu a wurin, ka ce "sannu, da kyau, saura kaɗan." Za ka ga yadda zai gyara zama.

Ka kuma leƙa wayarsa. Sau da yawa wanda ake cewa bai iya ba, sabis ne ke yanke masa ko wayar ta yi zafi tana tsayawa.

Abokanka kuwa, kada ka yi musu magana a cikin wasa, lokacin rai a ɓace yake. Ka same su a teburin mai shayi ka ce musu ƙaninka ƙaninsu ne, kuma kowannensu akwai wanda ya yi haƙuri da shi ranar da ya fara. Wanda ya ci gaba da ashar bayan haka, ka kashe muryarsa, akwai maɓallin. Amma yau da dare, kafin duk wannan, kai za ka fara aika wa ƙanen naka gayyata.